Waƙa a Bakin Mai Ita Ta Fi Daɗi: Yadda Ƙungiyoyi Za Su Ba Da Labarin Aikinsu

Shirinmu na yau na masu aiki ne a ƙungiyoyin sa-kai da gidauniyoyi, tun daga manyan da ke da ofis a Abuja har ƙungiyar unguwa da ke haɗa kuɗin makarantar marayu. Maganar ita ce labari: yaya ake ba da shi, wa ake ba wa, kuma me ake so ya biyo baya.

Bari in fara da abin da kowa ya sani. Ƙarshen shekara ya zo, ƙungiya ta fitar da rahoto mai shafi hamsin, ga alƙaluma, ga hoton shugaba yana yanka ribon. Tsakani da Allah, wa ke karantawa? Aikin an yi shi, ba ƙarya. Amma wanda ba ya wurin bai ji komai a ransa ba.

Akwai wani bincike da masana uku a Amurka, Deborah Small da George Loewenstein da Paul Slovic, suka wallafa a 2007. Sun ba mutane 'yan kuɗi, suka ce wanda ya ga dama ya ba da sadaka ga ƙungiyar Save the Children. Wasu aka karanta musu alƙaluman miliyoyin da ke fama da yunwa a Afirka. Wasu kuma aka nuna musu hoton yarinya ɗaya tak, 'yar shekara 7 daga Mali, da ɗan bayaninta. Waɗanda suka ga yarinyar sun fi bayarwa nesa ba kusa ba. Abin mamakin ma, da aka haɗa labarin yarinyar da alƙaluman wuri ɗaya, sai sadakar ta ragu. Zuciyar ɗan Adam haka take, mutum ɗaya take iya riƙewa, miliyan ya fi ƙarfinta.

To sai dai fa, kada wani ya ji wannan ya ce shi ke nan, a nemo yaro mai ban tausayi a ɗauke shi hoto. Wancan binciken a kan masu ba da kuɗi aka yi shi. Ƙungiya kuwa ba masu kuɗi kaɗai take magana da su ba. Akwai mutanen garin da take wa aiki, akwai hukuma, akwai ma'aikatanta. Kowa da irin labarin da ke shiga kunnensa.

Mu ɗauki rigakafin shan inna a nan Arewa, don darasi ne babba. A 2003 aka dakatar da rigakafin a wasu jihohi, Kano ce ta fi daɗewa, sai a watan Yulin 2004 ta dawo. Masu aikin lafiya suna da hujjojinsu da alƙalumansu, amma jama'a suna riƙe da wani labari da ya riga nasu shiga gida. Ba a manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, wasu suka rasu, wasu suka nakasa, maganar da ta kai har kotu. Uwar da ta san wannan, ka zo mata da takarda ka ce kashi kaza cikin ɗari, ai ba ta ma jin ka.

Me ya juya lamarin? Abubuwa da yawa ne, amma ku lura da waɗanda suka shafi maganarmu. A 2004 gwamnan lokacin, Malam Ibrahim Shekarau, ya bari aka ɗiga wa 'yarsa maganin a bainar jama'a. Daga baya sarakuna suka shigo ciki ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi. Aka riƙa kai majigi ƙauyuka, da dare a haska fim, mutane su ga yadda cutar ke shanye ƙafar yaro, sannan a zauna a yi tambayoyi. Uwa uba, waɗanda cutar ta nakasa su da kansu suka riƙa bin ma'aikata gida-gida a kan kekunansu. Mutum ya tsaya ƙofar gidanka ya ce, "Dube ni, ba na son ɗanka ya zama haka." Wannan ba ka da amsar da za ka ba shi. Gani ya kori ji. A 2016 aka ga na ƙarshe a Borno, ranar 25 ga Agustan 2020 kuma aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar.

Kun ga saƙon bai canja ba, a yi wa yara rigakafi. Bakin da ya fito daga ciki ne ya canja.

Sai kuma tsarin labarin kansa. Akwai wani ɗan ƙasar Meziko, Miguel Sabido, da ya yi aiki a gidan talabijin na Televisa a shekarun 1970. Shi ya tsara yadda ake saka darasi cikin wasan kwaikwayo mai dogon zango ba tare da an mayar da shi wa'azi ba. Yana sa mutum iri uku: na kirki, da na banza, da na tsakiya mai kai-kawo, wanda bai san ina zai dosa ba. Na tsakiyan nan shi ne mu. Shi mai sauraro ke bi, yana kuskure, yana jin jiki, har ya gane hanya. Da wannan tsari ƙungiyar Population Media Center ta yi wasannin rediyo da Hausa, Gugar Goge a kan yoyon fitsari, da Ruwan Dare a kan lafiyar iyali. Yawancin ƙungiyoyinmu kuwa na kirkin kaɗai suke nunawa: Hajiya wance ta karɓi horo, yanzu komai ya yi daidai. Babu shakka, babu mijin da ya hana, babu bashin da ya kusa karya ta. Wa zai ga kansa a cikin wannan?

Yanzu ga gefen da ke da haɗari, kuma shi ya fi damuna. A watan Maris na 2012 wata ƙungiya a Amurka, Invisible Children, ta saki bidiyon Kony 2012 a kan madugun 'yan tawayen Yuganda, Joseph Kony. Cikin kusan kwana shida an kalle shi sau miliyan 100. Ta fuskar yaɗuwa, sai dai a sara musu. Amma da aka haska shi a garin Lira da ke arewacin Yuganda, gaban mutanen da yaƙin ya ci, sai ransu ya ɓaci har aka yi jifa. Sun ga an ɗauki azabarsu an mayar da ita labarin wani Ba'amurke da ɗansa, ga shi kuma Kony ya bar Yuganda shekaru kafin nan. Labarin ya tara kuɗi, ya zubar da amana.

Mu ma nan muna yi. Watan azumi ya kama, a jera zawarawa da almajirai, kowa ya rungumi buhun shinkafa, a ɗauki hoto a watsa a Facebook. Matar nan tana da 'ya'ya, tana da surukai, tana da maƙwabta masu waya. Ka ba ta abincin wata ɗaya, ka bar ta da abin gori na shekaru. An tambaye ta kuwa? Kuma wanda ke jin yunwa, in ka riƙe buhu a hannu kana tambayarsa ko ya yarda a ɗauke shi, wace amsa kake jira?

Don haka ni shawarata, kafin ka kunna kyamara, zauna ka amsa wa kanka: wa nake so ya ji wannan, kuma in ya ji, me nake so ya tashi ya yi? Ya ba da kuɗi ne, ya kai 'yarsa makaranta, ko ɗan majalisa ya sa hannu? In ba ka da amsa, ba ka shirya ba. Sannan wa ya fi cancanta ya faɗa? Sau da yawa ba shugaban ƙungiya ba ne, mai ɗaki ne, shi ya san inda yake masa yoyo. Ka nemi izininsa bayan an gama rabo, ka gaya masa inda za a saka, ka bar masa ƙofar cewa a'a. Yara kuwa, a ɓoye fuska da suna. Alƙalumanka kada ka yar, ajiye su a bayan labarin, don duk wanda ya tambaya ko mutum nawa abin ya shafa ya samu amsa ta gaskiya. Kuma kada a ƙara gishiri. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ranar da aka kama ƙungiya da labari ɗaya na ƙarya, na gaskiyar ma sun tafi.

Gwaji mafi sauƙi shi ne wannan: in ka gama, koma ka nuna wa mai labarin, gaban iyalinsa. In ya kalla ya ce, "E, haka abin yake," to saka. In ya sunkuyar da kai, goge.