Gyaran Makarantun Sakandare: Daga Ina Za A Fara?

 

Ya 'yan'uwa, a shekarar 1982 aka fara aiki da tsarin 6-3-3-4 a Nijeriya. Manufarsa ita ce yaro ya yi shekara 3 a ƙaramar sakandare yana karatu tare da koyon aikin hannu, sa'an nan a dubi baiwarsa: wannan ya wuce babbar sakandare, wancan kwalejin fasaha, wani kuma ya kama sana'a. An sayo injuna daga ƙasashen waje, amma a makarantu da yawa sai suka yi tsatsa cikin akwatunansu, saboda babu lantarki, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya san kansu. Dokar UBE ta 2004 ta mayar da shekara 9 na farko tilas kuma kyauta. A 2025 Ministan Ilimi ya kawo shawarar tsarin 12-4. Lambobi suna ta canzawa, aji kuwa yana nan jiya i yau.

Saboda haka muna ba da shawarwari uku.

Na farko, a fara da malami. Kada a ba kowa alli sai wanda ya karanci koyarwa, kuma a biya shi haƙƙinsa kan lokaci, domin malamin da ke bin bashin albashi ba ya iya tattara hankalinsa a aji.

Na biyu, kowace makaranta ta ƙulla yarjejeniya da kafintoci, teloli, makanikai da masu gyaran waya na garinta, ɗalibi ya riƙa zuwa wurinsu ranar Asabar. Injin da ke aiki a shagon unguwa ya fi wanda ke kulle a sito amfani.

Na uku, a yaƙi satar jarrabawa. Dokar soja ta 1984 ta tanadi ɗaurin shekara 21, amma ba a daina ba, domin sau da yawa mu iyaye ne muke biyan kuɗin. Wannan ha'inci ne, kuma wanda ya ci WAEC da ha'inci shi ne gobe zai duba mara lafiyarmu a asibiti.

Kada mu zauna jiran gwamnati. Kowannenmu ya halarci taron iyaye da malamai na makarantar 'ya'yansa, ya tambayi malamai nawa ke koyar da lissafi, kuma ɗalibai nawa ne a aji guda.

Allah Ya shirya mana zuriya.