Marubucin Yara Na Buƙatar Lokaci

Kullum ana kukan ƙarancin littattafan yara da Hausa, amma ba a cika tambayar wa zai koyar da masu rubuta su ba, kuma da wane lokaci. Tarihi ya riga ya ba mu amsa. A 1936 Dokta Rupert East ya ɗauko Malam Abubakar Imam daga Makarantar Midil ta Katsina zuwa Zariya, aka sauke masa nauyin aji, suka zauna suna tace labarai, har aka samu Magana Jari Ce mai juzu'i uku don 'yan makaranta. Hazaƙar Imam ce, amma sai da aka ba ta fili da jagora.

A yau masu horar da sababbin marubuta galibi malamai ne da iyaye mata, waɗanda ba sa samun zama sai yara sun yi barci, kuma nasu rubutun ne ke fara mutuwa. Wani zai ce rubutu baiwa ce, ba a koyar da shi, kuma haƙƙin iyali ne gaba. Gaskiya iyali ne gaba, shi ya sa bai kamata a bar mai koyarwa ya riƙa satar lokacinsu ba. Baiwa kuwa ba ta sanar da mutum tsawon jimlar da ɗan shekara bakwai zai iya karantawa. Sai an nuna masa. Don haka muna kira ga ma'aikatun ilimi da kamfanonin ɗab'i su ware wa waɗannan malamai hutun rubutu mai albashi.