Doka da Mallakar Kamfani



Duk mutumin Kwaciri ya san Kantin Kwari a nan Fagge. Kwarori ne ke riƙe da yawancin kantunansa, har dokar Janar Gowon ta 1972 ta keɓe wa 'yan ƙasa waɗansu sana'o'i, kantuna suka koma hannun attajiran Kano. Ashe doka tana iya sauya mai dukiya.

Tana kuma iya hana sauyin. A Amurka, attajiri yakan yi ta sayen hannun jarin kamfani don ya ƙwace shi ba da yardar daraktoci ba. Saboda haka jihar Delaware ta yi doka a 1988: wanda ya tara kashi 15 cikin ɗari, ba zai haɗe kamfanin da nasa ba sai bayan shekara 3, in ba an cika waɗansu sharuɗɗa ba.

Masu yabo sun ce an kare ma'aikata daga kora. Masu suka sun ce kujerar raggon darakta aka kare, aka hana ƙaramin mai hannun jari farashi mai tsoka.

Ku ne za ku tsara dokoki gobe. Kowace ta zo gabanku, ku tambaya wa take karewa, don kada a ba kura ajiyar nama.