Jin Daɗin Mafi Yawa da Haƙƙin Wanda Aka Zalunta

 

An nemi in yi magana a kan wata tsohuwar muhawara ta masana: da me ake auna aikin kirki? A 1789 wani masanin shari'a ɗan Ingila, Jeremi Bentam, ya fitar da littafi yana cewa ma'aunin guda ne. A tara daɗin da aiki ya jawo, a tara wahalar da ya haifar, a ga wanda ya rinjaya. Duk dokar da ta fi sanyaya wa mafi yawan mutane, ita ce daidai. Bai yarda ana haihuwar mutum da wani haƙƙi ba, sai wanda doka ta ba shi. Wani masanin, Jon Istuwat Mil, ya yi masa gyara a 1861, ya ce daɗi suna ya tara, na ilimi da mutunci ya ɗara na ciki. Amma shi ma a kan amfanin jama'a ya ɗora haƙƙi.

Kada wani ya ce zancen Turawa ne, bai shafe mu ba. Da irin wannan lissafi aka ɗauki matakan 2021, lokacin da gwamnatin jiharmu ƙarƙashin Aminu Bello Masari ta hana cinikin dabbobi a kasuwanninmu, ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma datse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana. Manufar a fili take: a toshe wa 'yan bindigar dajin Rugu hanya, jiha ta huta. Ba na zargin niyyar. Tambayata ita ce wa ya biya kuɗin? Dillalin awaki ya biya, ɗan acaba ya biya, mai naƙudar da aka rasa hanyar kira mata mota cikin dare ita ma ta biya. Su ne kuma dama ɓarayin suka fi cuta.

Sai maganar sulhu da 'yan bindiga, wadda ta fi ci mini rai. An yi a 2016, an sake a 2019, bai hana sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020 ba. Duk da haka, wanda ya kwana a daji da 'ya'yansa ba zai raina sulhu ba. In manomi zai koma gona, kasuwa ta ci, yara su koma makaranta, ma'aunin Bentam zai ce a yi, kuma zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Har nan ina tare da shi.

Inda muka rabu shi ne wurin matar da aka kashe wa miji. A lissafinsa baƙin cikinta adadi ne kawai, farin cikin dubu zai haɗiye shi. Wani masanin Amurka, Jon Rols, ya yi wannan suka a 1971, cewa ma'aunin yana narkar da mutane wuri guda kamar ba kowa da ransa ba. Malamanmu sun riga shi da ƙarnoni. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yarda da maslaha, amma ya gindaya mata sharuɗɗa masu tsauri. Ya kawo misalin jirgin ruwa da ya yi nauyi, ya ce bai halatta a jefa mutum ɗaya a ruwa don sauran su tsira ba. Shari'a kuma ta sa zaɓin ƙisasi ko diyya ko afuwa a hannun magadan wanda aka kashe. Yawan jama'a ba ya ba su ikon yafe jinin da ba nasu ba.

Ga matsayina. Sulhu yana iya zama larura, amma sulhun da aka ƙulla ba tare da an ji ta bakin marayu da zawarawa ba, da waɗanda suka sayar da gona suka biya kuɗin fansa, bashi ne aka ci da sunansu. Haka nan makiyayin da bai taɓa riƙe bindiga ba aka ƙone masa ruga don huce haushi, shi ma mai haƙƙi ne, kuma tsoronmu bai soke haƙƙinsa ba.

Don haka ina roƙon iyayen ƙasa, Allah ya ja zamaninku: duk zaman sulhun da za a yi nan gaba, a ba waɗanda aka zalunta wurin zama a gaba. Kowane mai unguwa ya rubuta sunayen waɗanda aka kashe da dukiyar da aka kwashe a unguwarsa, a miƙa wa hukuma, a sa maganar diyya cikin sharuɗɗan tun farko.