Tsohon Jirgi a Bakin Tiga



Yau maganarmu a kan tsohon jirgin ruwa ce. Tun da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, masuntan Bebeji da Tudun Wada ke cin abinci a ruwan nan. Karfasa da tarwaɗa ba sa zuwa gida da kansu, sai da jirgi.

To, jirgi yana tsufa. Na katako, in ya daɗe a tudu cikin hunturu, sai katakon ya bushe, ya tsage. Gyaransa sananne ne: a cusa tsumma a tsagar, a bi da kwalta. Katakon da ya ruɓe kuwa, ba a yi masa faci. Cire shi ake yi.

Na faiba fa? Shi ma yana gyaruwa. A kankare wurin, a bari ya bushe sarai, a shimfiɗa ƙyallen faiba, a shafe da gam ɗinsa. Ya bushe sarai, na ce, domin gam ba ya kama jiƙaƙƙen wuri.

Malam masunci, duba jirginka tun kafin damina ta sauka. Mu kwana nan.