Kafin Ki Zana Saniya, Ki Tsaya Ki Kalle Ta

    

Yau zancen saniya za mu yi, amma ba na tatsa ko na turka ba. Zancen zana ta za mu yi, wato a ɗauki gawayi ko fensir a fitar da siffarta a takarda yadda Allah Ya yi ta, har wanda ya gani ya ce, "Kai, wannan ai farar saniyar gidan su wane ce." Na san wata za ta yi dariya ta ce, ina ruwan matar kulle da zane, ga daka ga wanke-wanke na jira? Ki ɗan ba ni aron kunnenki uwargida, za ki ji inda abin ya shafe ki, ya shafi 'ya'yanki.

Bari mu fara da gwaji. In yaronki ya dawo daga makaranta, ki ce ya zana miki saniya. Yawanci abin da za ki gani shi ne wani abu kamar benci mai ƙafa huɗu, an manna masa kai da ƙaho biyu. Alhali kuwa wataƙila shi ke kai wa shanun gidan dusa kullum da safe. To me ya sa? Saboda abin da ke cikin kansa ya zana, bai zana abin da ke gabansa ba. Mu ma manya haka muke. Abin da muka saba da shi, mukan daina kallonsa.

Ga tambayoyi uku, ki amsa a ranki. Kunnen saniya, a saman ƙaho yake ko a ƙasansa? In tana kwance za ta tashi, gabanta take fara ɗagawa ko bayanta? Haƙora nawa gare ta a gaba, a muƙamuƙin sama?

Kunne dai a ƙasan ƙaho yake, yana fita ta gefe. Wajen tashi kuwa, bayanta take fara ɗagawa, ta durƙusa a kan gwiwoyin gaba, sannan ta miƙe. Doki shi ne mai fara ɗaga gaba. Haƙoran gaba na sama kuwa babu ko ɗaya, dasashi ne mai tauri, shi ya sa take naɗo ciyawa da harshe ta fizge. Na ƙasa guda 8 ne, kuma da su masu saye a kara suke gane shekarunta, don na yarinta suna faɗuwa biyu-biyu, manya na maye gurbinsu, har bakin ya cika tana da kamar shekara 4 zuwa 5. In kin ci duka uku, to madalla, idonki a buɗe yake. In ba ki ci ba, ga turke nan a tsakar gida, ba sai kin fita ba.

Sannan shanu ba iri ɗaya ba ne, kuma mai zane na ƙwarai dole ya bambance. Akwai Bunaji, farar nan da ta fi yawa a wajenmu, mai baƙin hanci da baƙi a kunne da bakin wutsiya, ƙahonta ya buɗe ya lanƙwasa sama. Akwai Rahaji, ja wur mai duhu, doguwa, mai manyan ƙahoni, wadda aka fi sani da Fulanin daji masu tafiya mai nisa. Akwai Bokoloji ta ƙasar Sakkwato, mai gajeren ƙaho, mai faffaɗan jiki, fatar wuyanta na reto har ƙirji. Ko tozo ma ya bambanta: na bijimi ya fi girma da tsayuwa, na karsana ɗan madaidaici ne. Wanda ya zana Bokoloji da ƙahon Rahaji, ko yaron ruga zai yi masa dariya.

To yaya ake farawa? Ba sai an sayi kayan kanti ba. Gawayin murhu ya isa, da bayan kwali ko tsohon littafin makaranta. In ana son launi, a jiƙa jar ƙasa ko farar ƙasa a sa ɗan ƙaro kamar yadda almajirai ke haɗa tawada, don ya kama takarda. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da rana tsaka, sa'adda saniya ta kwanta a inuwa tana tuƙa, don a lokacin ba ta yawan motsi.

Ki zaunar da yaro nesa kaɗan, ki hana shi taɓa gawayin tukuna. Ya yi kallo kamar na minti biyar, kina tambayarsa: ina ne ya fi tsawo, tozo ko ƙugu? Cikinta ina ya fi saukowa? Daga nan ya fara da manyan siffofi, a hankali ba tare da dannawa ba. Gangar jiki kamar tulu ne a kwance, kai kuma kamar ƙaramin turmi mai tsukewa wajen baki. Kada ya fara da ido ko gashin wutsiya, waɗannan na ƙarshe ne. Don kada kai ya fi ƙarfin jiki, ya miƙa hannu da tsinke, ya rufe ido ɗaya, ya auna tsawon kan, sannan ya ƙirga kai nawa ne ke shiga tsawon jikin. In ya zo ƙafar baya, ya lura cewa gaɓar tsakiya baya take nunawa, ba kamar ta gaba ba, kuma kofato a rabe yake biyu. Na ƙarshe shi ne inuwa. Farar saniya ba ko'ina take fari ba: ƙarƙashin ciki da bayan kunne da tsakanin ƙafafu akwai duhu. Ya goga gawayi da ɗan yatsa a wuraren nan, ya bar sauran takardar fara. Nan take za ki ga saniya ta cika ta yi jiki.

Na farko ba zai yi kyau ba, na biyu ma haka. Kada ki kushe, kada kuma ki yaba abin da bai yi daidai ba. Ki ce masa, "Je ka sake duba ƙahon nan, haka yake?" Saniyar ce malamar, ke mai tuni ce kawai.

Kada kuma a ɗauka wannan baƙon abu ne da boko ya kawo. A Birnin Kudu ta Jihar Jigawa akwai duwatsu da mutanen dā suka zana shanu a jikinsu, waɗanda masu bincike suka yi nazari a shekarun 1950. Abin sha'awa, shanun da ke jikin dutsen ba su da tozo. Da zanen nan aka ƙara gane cewa kafin masu tozo su cika ƙasar nan, akwai wani irin shanu dabam. Kin ga ke nan, don mai zanen ya faɗi gaskiyar abin da ya gani, ya bar mana labarin da babu wanda ya rubuta. Haka ma a duwatsun Tassili cikin Sahara, a ƙasar Aljeriya, akwai zanen garken shanu da makiyayansu na shekaru dubbai, a wurin da yau sai rairayi da dutse.

Kuma ba aikin maza kaɗai ba ne. A Faransa an yi wata mata mai suna Rosa Bonheur, an haife ta a 1822, ta rasu a 1899. Duk duniya an san ta da zanen dabbobi. A 1849 ta zana shanun noma suna huɗa, har ana ganin ƙasar da garma ta kifar da yawun da ke zuba a bakin shanun. Zanen yana birnin Paris har yau. Ba daga ka ta yi ba. Ta yi ta zuwa kasuwar dabbobi da mahauta tana nazarin ƙashi da tsoka, ta kuma ajiye dabbobi a gidanta don ta riƙa kallonsu. Ke kuwa uwargida, abin da ta sha wahalar nema yana ɗaure a ƙofar ɗakinki. In ma kina son misali na kusa, ciro takardar naira 200 daga bakin zanenki, wadda aka fara fitarwa a shekarar 2000. A gaba Sardauna Ahmadu Bello ne, a baya kuwa shanu ne da kayan gona. A bayan naira 10 kuma matan Fulani ne da ƙoren nono. Wani ne ya zauna ya zana su, kuma ƙasa ta ga sun isa a sa su a kuɗinta.

Yanzu bari in zo kan dalilin da ya sa na zaɓo wannan magana domin ku matan Batsari da Safana. Ku da kuke bakin Dajin Rugu ba sai an ba ku labari ba. Fiye da shekara goma ke nan satar shanu da harin 'yan bindiga suka addabi yankin. A watan Fabrairun 2020, a Tsauwa da Dankar ta ƙaramar hukumar Batsari, mutum 30 aka kashe a dare ɗaya kamar yadda 'yan sanda suka bayyana. Allah Ya jiƙansu. Manomi ya rasa shanun huɗarsa, Bafulatani mai zaman lafiya ya rasa garken da ya gada, mace ta rasa san da ta shekara tana turkawa don auren 'yarta. Gidaje da yawa sun bar ƙauye sun koma cikin gari. A 2025 an yi zaman sulhu a Batsari da Safana, muna roƙon Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

A irin wannan hali, sanin kamannin dabbarki dukiya ne. In jami'an tsaro suka ƙwato shanu, ba wanda za a miƙa wa igiya don kawai ya ce "fara ce". Farare nawa ne a garken? Sai mai cewa ƙahonta na hagu ya fi sunkuyawa, akwai tsaga a kunnen dama, akwai tabon lalas a cinya, akwai ɗigon baƙi a wuya. Makiyayi ya san kowace saniyarsa haka, har suna yake ba su. Hoton waya yana da amfani, a ɗauka a ajiye, amma waya takan ɓace ko ta lalace, wani lokaci ma tare da shanun ake tafiya da ita. Abin da yaro ya zauna ya zana da hannunsa kuwa, ya zauna masa a ka.

Abu na biyu ya fi wannan nisa. Akwai yaran da aka haifa bayan an baro ƙauye, ba su taɓa ganin huɗa ba. Wasu kuma suna ƙauyen, amma sun fara jin kunyar a ce musu 'ya'yan manoma. Yaron da aka zaunar ya kalli saniya da kyau, tambaya zai fara yi, a nan ne za ki samu ƙofa. Ki gaya masa yadda abin yake zagayawa: gona ta ba saniya kara da harawa da dusa, saniya ta mayar wa gona da taki da huɗa, ta ja amalanke ta kawo amfani gida. Ki gaya masa nono da man shanu, da ƙirgin da dukawa ke aiki da shi, da ƙahon da wanzami ke amfani da shi. Ba banza aka ce nagge daɗi goma ba. Ki kuma ba shi labarin yadda bayan kaka makiyayi kan sauka a gonar manomi da yardarsa, shanu su ci kara su bar taki, manomi ya ba da hatsi, matan ruga su shigo gida da nono a yi musaya da gero. Yaran yanzu da yawa ba su san an yi wannan zama ba, kuma wanda bai san an yi ba, ba zai yi marmarin a koma ba.

Na san akwai tambayar da ke ran wasunku, wato hukuncin zana abu mai rai. Magana ce da malamai suka yi bayani a kai, akwai masu hanawa, akwai masu sassautawa in a takarda ne don koyo da koyarwa. Ni ba malama ba ce, don haka kowa ta tambayi malamin da ta amince da shi, ta kuma shawarci maigida. Wadda zuciyarta ba ta natsu ba, ƙofa ba ta rufe mata ba. Yaro na iya zana siffar ƙaho kaɗai, da tsagar kunne, da sawun kofato a ƙasa, ya rubuta sauran kamannin da boko ko da ajami. Yana iya zana garma da amalanke da rumbu, da kuka da gawo, da gonar gero ta fid da kai. Duk kallon ne dai ake nema.

To ga aikin wannan mako. Ki samu takarda ɗaya domin kowace dabba da ke gidan, ko saniya ce, ko tunkiya, ko akuya. Ke da yara ku zauna ku fitar da kamanninta, da zane ko da rubutu, a sa ranar da aka yi, a adana cikin akwati tare da takardun gida. Wadda kuma aka raba ta da dabbobinta, ta zaunar da yara ta siffanta musu wadda ta fi so a cikinsu, launinta da ƙahonta da halinta, su kuma su gwada fitar da ita. Allah Ya mayar da alheri, Ya sa turken da ya bushe ya sake samun mai ɗauri.

Nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A gaida maigida, a shafa kan yara. Wassalamu alaikum.