Yadda Muka Kai wa Hajiya Ɗumi ta Cikin Bango

 

Da sakatare ya kira ni ya ce in yi magana a kan ɗumama gida, na ce masa ni ba malami ba ne, mai aikin wayar lantarki ne kawai. Ya ce ai shi ya sa ya kira ni, tunda duk wanda fis ya ƙone a gidansa ni yake nema. To ga ni. Zan ba ku labarin wata 'yar fanka da na sa a bangon gidana, da abin da ta yi mana, da kuma daren da ta kusa jawo mana abin da ba a fata.

A watan Nuwamban 2022 mahaifiyata ta zo nan Manchesta saboda maiɗakina ta haihu. Duk kun tuna wannan shekarar. Ita ce shekarar da gwamnati ta sa baki ta tsayar da kuɗin wuta da gas na matsakaicin gida a kan fam 2,500 a shekara, ta kuma rage wa kowane gida fam 400, amma duk da haka kowa na kuka. Kilowat ɗaya na lantarki a awa ya kai peni 34, na gas kuma ya ɗan haura peni 10. Gidanmu irin tsofaffin gidajen nan ne na jan bulo da ke jere manne da juna, ɗaki biyu a ƙasa, falo a gaba, wani ɗaki a baya. Hajiya na fama da gwiwa, hawa bene ba nata ba ne, sai muka gyara mata ɗakin baya.

Ɗakin nan kuwa rana ba ta leƙa shi. Da asuba na sa ma'auni na ga digiri 13. Hukumomin lafiya na ƙasar nan suna cewa kada ɗakin da ake zama ya gaza digiri 18, musamman ga tsofaffi da marasa lafiya. A falo kuma akwai murhun itace na ƙarfe da muka tarar a gidan. In aka hura shi da yamma, yara har riga suke cirewa. Na ɗaga ma'aunin kusa da silin na ga digiri 28. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakunan nan biyu, kaurinsa bai wuce faɗin bulo ɗaya ba. Nan ana gumi, can tsohuwa na ƙudundune cikin bargo uku.

Na fara da hita ta lantarki mai kilowat 2. Ku yi lissafi: peni 68 a awa, in ta kwana awa takwas fam 5 da peni 44 ke nan, a ɗaki ɗaya, a dare ɗaya. Hajiya ta ji muna wannan lissafi da maiɗakina, sai ta riƙa kashe ta a ɓoye da zarar mun hau sama. Kun san iyayenmu, gara su sha wuya da a ce sun ɗora wa ɗa nauyi. Rana ta uku ta kira ni ta ce, "Kai, ba ku da kasko a garin nan ne? A zuba mini ɗan gawayi mana, kamar yadda muke yi da hunturu."

A nan zan ɗan tsaya, don wannan ita ce maganar da ta fi duk sauran da zan yi yau. A gida, ɗakin da ake kai kaskon wuta yana shan iska ta ƙofa, ta taga, ta saman rufi, kuma ko a can ɗin ma ana rasa rayuka ta wannan hanya. Gidajen nan an gina su ne, ko an gyara su, don kada iska ta fita. Gawayi in yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi. Ciwon kai take fara sa wa mutum, da jiri da kasala, sai ya ce bari ya ɗan kwanta, shi ke nan. Iyayenmu mata, har da gawayin turaren wuta: a kunna, a turara, a buɗe taga, a fitar da shi waje. Kada a bar shi ya kwana a ɗaki. Na ce wa Hajiya ta yi haƙuri, kasko dai ba zai shiga gidan nan ba, amma ta ba ni kwana biyu.

Dabarar da na yi ba sabuwa ba ce. A huda bango, a sa ɗan bututu, a ɗaura fanka a bakinsa ta riƙa jan iskar falo tana turawa ɗakin baya. Iska mai zafi sama take tashi, shi ya sa ake yin hudar can sama. Sai dai a kula, wayoyin lantarki a gidajen ƙasar nan an yarda su bi ta cikin santimita 15 na saman bango da na kusurwa, kuma suna miƙewa sama da gefe daga kowane soket da makunni. Wanda ya ɗora na'urar huda a irin wannan wuri ba tare da ya duba ba, ya ɗauko wa kansa magana. Akwai kuma bututun ruwa da na gas. Gidan da aka gina kafin shekarar 2000 kuma yana iya zama da asbestos a jikin silin ko shafen bango, ƙurarsa kuwa illa take yi wa huhu, don haka a tambaya kafin a huda.

Mutane kan tambaye ni, shin 'yar wannan fanka har wani zafi take ɗauka? Ga lissafin, mai sauƙi ne. Iska ba ta riƙe zafi da yawa. A ninka yawan iskar da fanka ke turawa a awa, da bambancin digiri tsakanin ɗakunan biyu, a raba gida uku, abin da ya fito shi ne wat ɗin zafin da ke ƙetarawa. Ƙaramar fanka irin ta banɗaki mai faɗin santimita 10 tana tura kamar kubik mita 90 a awa. In bambancin digiri 10 ne, wat 300 ke nan, wato ba ta kai kashi ɗaya cikin shida na hitar da na ambata ba. Mai faɗin santimita 15 da ke tura kubik mita 200 za ta ba ka wajen wat 660. Ita na saya. Wutar da take ci kuwa ba ta wuce wat 25 ba, ko da ta yi awa goma tana juyawa kuɗinta bai kai peni 10 ba a farashin wancan lokaci.

Amma ku lura da abin da lissafin nan yake faɗa. Fanka ba ta ƙirƙirar zafi, dako kawai take yi. In falonka digiri 20 ne, ɗakin yara 17, ka huda bango a banza, abin da za ka samu iska ce mai kaɗawa da za ta sa a ji kamar an ƙara sanyi. Tana amfani ne inda ɗaki ɗaya yake da rarar zafi sosai, kamar mai murhu, ko wanda rana ke duka ta babbar taga. Wani ɗan uwa a nan ya so in sa masa a gidan da boila ce ke ɗumama ko'ina. Da na je na duba, ashe iska ce ta taru a cikin radiyetan ɗakin, samansa sanyi ƙasansa zafi. Da ɗan makulli na fam ɗaya muka sace iskar, magana ta ƙare.

To, ranar farko komai ya yi kyau. Cikin awa biyu ɗakin Hajiya ya tashi daga 13 zuwa 17. Ta yaye bargo ɗaya, ta sa mini albarka, ni kuma ina ta hura hanci.

Dare na huɗu ne abin ya faru. Jaririya ta yi barci a falo, sai maiɗakina ta rufe ƙofar falon gam don kada hayaniyar yara ta tashe ta, ta kuma tura tsumman nan da muke tarewa a ƙasan ƙofa. Hajiya ita ma ta rufe tata. Wuta ta fara mutuwa a murhu, saura garwashi. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya sai ƙararrawar kabon monoksaid ta ɗauki ƙara. Na sauko da gudu, ban ga hayaƙi ba, sai ɗan ƙauri kaɗan. Na kashe fanka, na buɗe tagogi, muka kwashi kowa muka fita tsakar titi cikin sanyi, Hajiya da zane ɗaya da bargo, jaririya a cikin rigata. Na kira 111, suka ce mu kai su a duba. Alhamdu lillahi ba a sami komai ba.

Laifin nawa ne, kuma abin kunya ne ga mai sana'a irina. Fanka tana kwashe kubik mita 200 daga falo kowace awa. Iskar da aka kwashe dole wata ta maye gurbinta. Ƙofa a rufe, taga a rufe, ƙasan ƙofa a toshe, to ta ina za ta shigo? Hanya ɗaya ta rage, bututun hayaƙin murhu. Lokacin da wuta ke ci sosai, bututun na da ƙarfin jan hayaƙi sama. Da ta yi sanyi sai fanka ta fi shi ƙarfi, ta juyo da abin da ya kamata ya fita, ta kuma ɗauke shi ta kai ɗakin tsohuwar da nake cewa ina taimako. Na san waya, na san fis, amma ban yi tunanin hanyar da iska za ta dawo ba. Ƙararrawar nan ta fam ashirin da wani abu ita ta tsaya mana.

Washegari na kira mai aikin murhu da ke da rajistar HETAS. Ya gwada jan bututun da fanka a kunne da kuma a kashe, ya nuna mini da idona yadda hayaƙin gwaji ke dawowa. Gyaran da muka yi shi ne muka juya abin. Muka cire fanka daga sama muka bar hudar a buɗe da raga. Muka yi wata huda a ƙasa kusa da daɓe, muka sa fanka a can tana tura iskar sanyi daga ɗakin Hajiya zuwa falo. Yanzu falo ƙara masa iska ake yi, ba kwashewa ba, iska mai zafi kuma da kanta take bi ta hudar sama ta cike gurbin da aka bari. Muka rage ƙasan ƙofofi da kamar santimita ɗaya, muka ƙara ƙararrawa ta biyu a ɗakin Hajiya. Ɗakin ya riƙa tsayawa a 18, wani lokaci 19. Wanda bai son huda bango ma yana iya gwada wannan yau da dare: ka buɗe ƙofa, ka ajiye fankar tebur a ƙasa a bakin ɗakin sanyi tana kallon ɗakin zafi. Ka gwada sati guda kafin ka kashe ko sisi.

Ga masu wutar gas ta bango ko tsohuwar boila mai shan iskar ɗaki, haɗarin iri ɗaya ne, kuma mai rajistar Gas Safe ne kaɗai zai taɓa muku su. Masu haya, tun 1 ga Oktoban 2022 doka a Ingila ta wajabta wa mai gida ya sa ƙararrawar kabon monoksaid a duk ɗakin da ke da murhu ko boila, ban da kukar gas ta girki. In babu, ku rubuta masa. Kuma kada ɗan haya ya huda bango sai da izinin mai gida a rubuce, in ba haka ba kuɗin ajiyarka ne zai tafi. Wanda ke zaune a gidan da ake raba ɗakuna, ko a fulat, ya bar maganar huda gaba ɗaya, domin waɗancan bangaye da ƙofofi an yi su ne don su tare wuta da hayaƙi in gobara ta tashi.

Kada kuma a jawo iska daga kicin ko banɗaki. Ba don ƙamshin daddawa da soyayyen kifi kaɗai ba, ko da yake shi ma ya isa dalili. Iska mai ɗumi tana ɗauke da tururi, in ta sami bango mai sanyi sai ya yi gumi, bayan 'yan makonni ka ga baƙar fumfuna a bayan kabad. Mu da ke wannan yanki ba mu manta da Awaab Ishak ba, yaro ɗan shekara biyu da ya rasu a Rochdale a Disamban 2020, wanda bincike ya tabbatar fumfunar gidansu ce sanadi. Dokar da aka sa wa sunansa ta fara aiki a Oktoban 2025 a gidajen kansil da na ƙungiyoyin gidaje. Masu shanya kaya a kan radiyeta, ina kallonku.

Abu ɗaya da ban iya gyarawa ba shi ne sauti. Hudar da iska ke bi, magana ma tana bi. Wata biyar Hajiya ta yi, ba abin da aka faɗa a falon nan da bai isa kunnenta ba. Ranar da za ta koma, a filin jirgi, ta ja ni gefe ta ce bashin da na ce zan biya a watan Maris, in daure in biya, kuma in rage yi wa yara tsawa.

Na zo da ma'aunin zafi guda biyu da ƙararrawa ɗaya, suna kan teburin baya kusa da sakatare, kowa ya je ya ga irinsu. Wanda yake so in leƙa gidansa kafin sanyi ya yi nisa ya rubuta sunansa a takardar da ke wurin. Ranakun Lahadi bayan azahar nake da sarari, kuma gidajen da ke da tsofaffi ko jarirai zan fara zuwa.